Haya a kan haya: Shin raba shago ko ofis alamar karayar arziki ce?

Duk wanda ya saba da kasuwar Yelwa, hedikwatar masarautar Yauri, ko ta Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ya san irin kallon da ake yi wa ɗan kasuwar da aka wayi gari ya kira kafinta ya raba masa shago gida biyu, ya ba mai POS ko mai cajin waya gefe guda. Kafin la'asar magana ta zaga cewa wane ya fara taɓa uwar kuɗi. Washegari mai ba shi kaya bashi daga Kano zai bugo waya yana tambayar lafiya, 'yan adashi kuma su fara shawarar a mayar da shi kwasar ƙarshe. Wani lokaci zargin yakan tabbata. Wani lokaci kuma jita-jitar ce da kanta ke kayar da mutumin da a da yake tsaye da ƙafafunsa, domin ɗan kasuwar da aka janye wa bashi da amana a mako guda, ko yana da riba sai ya jijjiga.

Irin wannan tambaya ake yi a manyan biranen duniya idan aka ji wani kamfani ya sa wani ɓangare na ofishinsa a kasuwa. A 'yan shekarun nan an fi yin ta a kan kamfanonin da ke ƙirƙirar wasannin kwamfuta da na waya, wato masu yin gem ɗin da matasanmu ke bugawa a shagunan PlayStation da kuma wayoyinsu. Amfanin duba labarinsu shi ne, da yawansu doka ta tilasta musu buga lissafinsu a fili, saboda haka ana iya gwada zargin mutane da abin da ya faru daga baya.

Me ake nufi da haya a kan haya?

Mutum uku ne a cikin wannan ciniki: mai gini, ɗan haya na farko, da wanda ɗan hayar ya ba wani yanki ko duk wurin na wani lokaci. Ɗan haya na farko bai fita daga yarjejeniya ba. Shi mai gini ya sani, shi zai bi kuɗinsa, ko na biyun ya biya ko bai biya ba. Wannan ya bambanta da mayar wa mai gini makullinsa, ya kuma bambanta da sayar da ragowar wa'adin haya ga wani baki ɗaya.

Abin da haya a kan haya ke nunawa tabbas abu ɗaya ne: wurin da mutum ya kama ya fi buƙatarsa ta yanzu. Dalilin da ya sa buƙatar ta ragu kuwa, ba a karanta shi a jikin bango. Yana iya zama ciniki ne ya mutu, yana iya zama yanayin aikin ne ya sauya, yana kuma iya zama tun farko an kama wuri da faɗi ne da tsammanin bunƙasa.

Abin da ya sa kamfanonin gem suka fi shiga wannan hali

Babban gem yakan ci shekara uku zuwa biyar, ko fiye, kafin ya fito kasuwa. A tsakiyar aikin ana ɗibar masu zane da masu rubuta manhaja da masu gwaji, idan an gama kuma sai adadin ya ragu har a fara wani. Hayar babban ofis a Amurka ko Turai kuwa ana ƙulla ta ne na shekara 10 zuwa 15. Ma'aikata na ƙaruwa suna raguwa, gini yana nan yadda yake, kuɗinsa na tafiya kowane wata.

Annobar korona ta 2020 ta ƙara dagula lissafin. Mutane sun zauna a gida suna buga gem, ciniki ya haɓaka, kamfanoni suka ɗebi ma'aikata da yawa, a lokaci guda kuma ma'aikatan suka saba da aiki daga gida. Da duniya ta buɗe, ciniki ya lafa, aka shiga sallama. Masu bibiyar sana'ar sun ƙiyasta cewa fiye da mutum 10,000 ne suka rasa aiki a 2023 kaɗai. A Janairun 2024 Microsoft ya sallami ma'aikata 1,900 a sashensa na gem, wata guda bayan haka Sony ya sallami 900 ya kuma rufe reshensa na ƙirƙirar gem da ke Landan. Babu wanda zai ce waɗannan kamfanoni biyu sun karye. Kujeru dai sun zama babu kowa a kansu, kuma kujerar da babu kowa a kanta ita ma ana biya mata haya.

Darasin kamfanin Zynga

Zynga, wanda ya yi gem ɗin FarmVille da ya yi tashe a Facebook, ya sayi katafaren ginin hedikwatarsa a birnin San Faransisko a 2012 kan dala miliyan 228. Mai kallo daga waje zai ce ga kamfanin da ya zauna da gindinsa. Amma a wannan shekarar ce hannun jarinsa, wanda aka fara sayarwa kan dala 10 a Disambar 2011, ya faɗo ƙasa da dala 3. A Yunin 2013 ya sallami ma'aikata 520, ya rufe wasu ofisoshinsa.

A 2019 ya sayar da ginin kan kimanin dala miliyan 600, ya ci gaba da zama a cikinsa a matsayin ɗan haya. A 2021, bayan ma'aikatansa sun koma aiki daga gida, ya sa ofishin a kasuwa yana neman wanda zai karɓa haya a hannunsa, ya nemi wuri mafi ƙanƙanta a garin San Mateo. Da a kasuwarmu ne, da an ce ta ƙare masa: ya sayar da gida, ya koma haya, yanzu hayar ma ta gagare shi. Sai dai a wannan shekarar ta 2021 kuɗin shigarsa ya kai dala biliyan 2.8, adadin da bai taɓa samu ba. A Janairun 2022 kamfanin Take-Two ya sanar da zai saye shi kan dala biliyan 12.7, aka kammala cinikin a watan Mayu. Ke nan lokacin da ya mallaki babban gini ne yake cikin tsaka mai wuya, lokacin da ya rage wuri kuma shi ne cinikinsa ya fi kowane lokaci.

Wanda ya faɗi ofishinsa a cike

Labarin 38 Studios ya zo da akasin haka. Tsohon ɗan wasan ƙwallon gora na Amurka, Curt Schilling, shi ya kafa kamfanin. A 2010 gwamnatin jihar Rhode Island ta tsaya masa ya samu rancen dala miliyan 75 domin ya dawo da ofishinsa birnin Providence ya samar da ayyukan yi. A Fabrairun 2012 ya fitar da gem ɗinsa na farko. A farkon watan Mayu ya kasa biyan wani kaso na dala miliyan 1.1 da jihar ke binsa a kan kari, a tsakiyar watan albashi ya gagara, ranar 24 ga Mayu aka sallami dukkan ma'aikata kusan 400, a watan Yuni kuma ya shelanta karayar arziki. Masu biyan haraji na jihar su suka gaji bashin.

Wanda ya tsaya jiran ganin allon "ana ba da haya" a ƙofar wannan kamfani kafin ya farga, ya makara. Alamomin da suka faɗi gaskiya su ne wa'adin bashin da ya wuce ba a biya ba, da albashin da bai shiga ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Bahaushe. Fuskar kasuwanci kuwa biyan haƙƙi a kan lokaci ce.

Yadda abin yake a bakin tafkin Kainji

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, sana'o'in Yauri da Ngaski da Shanga na tafiya ne da cikar tafki da janyewarsa. Kamun kifi da bandarsa suna da lokacin yalwa da na ƙaranci. Albasa da shinkafa suna da lokacin girbi, da lokacin ajiya har farashi ya tashi, da lokacin da sito ke zama fayau. Dilan da ya biya hayar shekara guda a kan siton da yake cikawa wata biyar kawai, idan ya ba wani mai ajiyar taki ko siminti sauran watannin, lissafi ya yi. Wanda ya bar shi a kulle don kada a ce ya gaza, shi ne ya yi asara.

Akwai kuma sauyin yanayin ciniki. Mai sayar da atamfa da leshi da a da sai ya baje kaya bango zuwa bango, yau rabin masu sayensa ta WhatsApp suke zaɓa, a ɗora musu a mota zuwa Kontagora ko Birnin Kebbi. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya sa masu POS neman kowace kusurwa da jama'a ke wucewa, ƙofar shago ta zama kadara mai kawo kuɗi. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na janareta suka ninka, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024 a ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A irin wannan yanayi, samun wanda za a raba haya da man janareta da shi dabara ce ta tsira da jari. A ƙaddara hayar shago naira 600,000 ce a shekara, aka ba mai POS kusurwa kan naira 15,000 a wata. Naira 180,000 ke nan ta dawo, kusan kashi ɗaya cikin uku na hayar, ga kuma masu cirar kuɗi da ke leƙa kaya.

Wannan ba ya nufin kowane raba shago lafiya ce. Ruwa ba ya tsami banza, kuma akwai wanda ya raba ne domin kaya sun ƙare, babu kuɗin sari.

Tambayoyin da suka fi allon haya amfani

Mai ba da kaya bashi, da ma'aikacin gwamnatin da ya zuba ɗan abin da ya tara a kasuwancin wani, da yaron shagon da ke tunanin makomarsa, ga abin da ya kamata su duba.

Na farko, wane ɓangare aka bayar? Ɗakin baya da ba a amfani da shi daban, gaban shago inda ciniki yake daban. Wanda ya ba da wurin da ke kawo masa kuɗi ya koma lungu, akwai magana.

Na biyu, me ya riga me? Idan an fara da jinkirin albashin yara, aka bi da ɗage wa masu kaya alkawari, kantoci suka fara zama babu kaya, sannan aka raba shago, to rabawar cikon alamomi ce. Idan kuwa kaya na shiga suna fita, ana biyan kowa a kan lokaci, rabawar gyaran lissafi ce.

Na uku, a kan wane farashi, kuma da wane irin sauri? Mai neman ɗan haya a tsanake yakan zaɓi wanda sana'arsa za ta jawo masa jama'a. Wanda ya karya farashi yana neman a ba shi kuɗin shekara biyu a dunƙule yau-yau, kuɗin yake buƙata domin toshe wani rami.

Na huɗu, ina kuɗin hayar ke tafiya? Idan sari aka ƙara da shi, jari ne. Idan tsohon bashi ake biya da shi domin a samu damar cin sabo, an shiga juyin da ba ya ƙarewa da daɗi.

Na biyar, maƙwabtansa fa? Idan duk layin kasuwar haka ake yi, yanayi ne ya sauya. Idan shi kaɗai ne alhali na kusa da shi na neman ƙarin wuri, sai a ƙara bincike.

Abin da doka da shari'a suka tanada

Kafin a kira kafinta, a duba takarda. Galibin rubutattun yarjejeniyoyin haya a Najeriya na hana ɗan haya sanya wani ba tare da izinin mai gini ba, kuma saɓa wannan na iya zama dalilin tashi. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya wajabta wa mai riƙe da takardar mallakar da gwamna ya bayar ya nemi amincewar gwamna kafin ya jingina filin ko ya ba da shi haya a ƙarƙashin haƙƙinsa. Kasuwanni kuwa tsarin mulki ya danƙa kula da su ga ƙananan hukumomi, don haka mai rumfa ya san sharuɗɗan da aka ba shi ita a kai. A fiƙihun Malikiyya, ɗan haya na iya ba wani hayar abin da ya haya, a kan kuɗi daidai ko ƙasa ko sama, matuƙar amfanin da na biyun zai yi bai fi nasa cutar da wurin ba. Mai sayar da yadi ba zai sa mai walda ko mai ajiyar fetur ba.

Wanda zai karɓa ma ya yi hattara, domin haƙƙinsa rataye yake a kan na ɗan haya na farko. Idan wa'adin wancan saura wata huɗu, kai kuma ka biya shekara, mai gini bai san da zamanka ba. A nemi ganin rasiɗin haya, a sami yardar mai gini a rubuce, a sa shaidu.

Haɗari mafi girma yana kan wanda ya mayar da haya a kan haya ita ce sana'arsa, ya kama dogon wa'adi yana rabawa ga masu gajeren zama. Haka kamfanin WeWork ya yi a manyan biranen duniya. An ƙiyasta darajarsa kan dala biliyan 47 a farkon 2019, a Nuwamban 2023 ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, domin masu gajeren zama sun tashi, dogon wa'adin kuma yana nan a wuyansa. Mai shirin kama bene guda na filaza a Birnin Kebbi ko Kano da niyyar yankawa ya raba, ya fara lissafa wata nawa zai iya biya idan rabin ɗakunan suka zauna babu kowa.

Shi kuma wanda ya ga maƙwabcinsa ya raba shago, kafin ya kai labari majalisa ya tambayi yaran shagon ko an biya su, ya duba ko motar kaya na ci gaba da tsayawa a ƙofar. Idan amsar duka biyun e ce, ya yi masa fatan alheri, ya kuma duba nasa shagon ko akwai kusurwar da yake biya wa haya tana zaman banza.