Kansar Bakin Mahaifa: Abin Da Ya Kamata Falke Ya Sani

Yau ba maganar kara ko kuɗin mota zan yi ba, maganar iyalin da muke bari a gida ce. Kowa cikinmu da ya kalli saniya ya san ba ta da lafiya, amma sai maiɗakinsa ta shekara tana zubar da jini bai sani ba, don kunya ta hana ta faɗa, shi kuma kullum yana hanya.

Ciwon da ake kira kansar bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce, HPV, ke kawo shi, ta hanyar saduwa. Yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya zama kansa. Alamunsa su ne jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke ɗungurungum, da ruwa mai wari. Mata da yawa sai su ce ai istihala ce, su yi shiru. To, a je asibiti tukuna.

Magani kuwa ya danganta da inda ciwon ya kai. In an gano shi a awo tun bai zama kansa ba, ana ƙone wurin ko a daskarar da shi, ta koma gida a ranar. In ya zama kansa amma bai bar mahaifa ba, sai tiyata, galibi a cire mahaifar. In ya taɓa maƙwabta, sai gashi da na'ura haɗe da allurar kemo, wajen mako 7 zuwa 8, kuma ba a son a yanke a tsakiya. Akwai wurin gashi a Yamai tun 2021, akwai a Zariya, Sakkwato, Abuja da Duwala. In ya riga ya watsu a jiki, magani na rage zafi ne da ƙara kwana.

Ga lissafin Amurka, inda magani ya wadata: cikin mata 100 da aka kama ciwon da wuri, kusan 90 suna raye bayan shekara 5. In ya taɓa maƙwabta, kusan 60. In ya yi nisa, kusan 20. Mu nan yawancin matanmu sai ya yi nisa ake kai su, bayan an gama da jiƙe-jiƙe.

Saboda haka, jama'a, mace ta kai shekara 30, a bar ta ta je awo ko tana lafiya lau. 'Yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a yi musu rigakafi. Nijeriya ta fara a 2023. Kafin ka ɗau hanya, ka bar izini da kuɗin asibiti. Bijimin da za ka sayar a ƙarshe ba amfani, gara ka sayar da shi tun da fari.

Allah ya ba mu lafiya da iyalanmu, amin.