Keken Tsere Mai Batir: Abin Lura Kafin A Zuba Jari

Tun da kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya fito da keke mai taimakon lantarki a shekarar 1993, kasuwar wannan haja sai bunƙasa take yi. A Jamus, a shekarar 2023, an sayar da irinsa kimanin miliyan 2.1, wato ya zarce keken gargajiya a karon farko. A nan gida kuwa, tsadar man fetur tun bayan janye tallafi a watan Mayun 2023 ta sa wasu 'yan kasuwa sun fara waiwayarsa.

Shi wannan keke ba babur ba ne, domin injinsa ba ya aiki sai mahayi na taka feda. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ƙayyade ƙarfin injin a wat 250, kuma taimakonsa yana yankewa da zarar gudu ya kai kilomita 25 a sa'a. Don haka amfaninsa ya fi bayyana a wajen hawan tudu, kamar a hanyoyin Jos.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya duba shi ne mazaunin injin. Wanda aka ɗaura a cibiyar ƙafar baya, irin na Mahle, ba shi da nauyi, kuma ya wadatar a tudu mai sauƙi. Wanda ke tsakiya kusa da feda, irin na Bosch ko Shimano, yana jan sarƙa ne ta hanyar giya, saboda haka ya fi jure hawa mai tsayi, amma yana saurin cinye sarƙar.

Na biyu shi ne batir. Babba yana kai mutum nesa, sai dai yana ƙara nauyin da za a hau tudu da shi, kuma zafin rana yana rage masa kwana.

Ga mai shigo da kaya, akwai ƙarin sharaɗi. Kamfanonin jiragen sama ba sa barin fasinja ya ɗauko batir mai girman na keke, sai dai a aiko shi a matsayin kaya mai haɗari, abin da ke ƙara kuɗin dako. Haka kuma batirin wani kamfani ba ya shiga keken wani. Duk ɗan kasuwar da ya yi oda ba tare da tanadin batir, caja da makanikin da ya san aikin ba, to, ya sani jarinsa na iya kwantawa a shago.