Yadda Ƙwayar Cuta Ke Gagarar Magani

Magungunan antibayotik irin su amoxicillin sun fi kashe ƙwayar bakteriya sa'ad da take cin abinci tana hayayyafa. Wasu ƙwayoyin kuwa sukan rage sarrafa abinci su lafe, kamar gaiwa cikin busasshen taɓo da rani. Magani ya zo ya wuce, su kuma su farfaɗo.

A 2021 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna cewa canji a ƙwayoyin gadon E. coli yakan rage numfashinta har magani ya kasa kashe ta, zuriyarta kuma ta gaji wannan hali. A 2019 cututtukan da suka gagari magani sun kashe mutum wajen miliyan 1.27 a duniya, kuma abin ya fi tsanani a Afirka ta Yamma.

A Saminaka da ƙauyukan Birnin Gwari, inda zuwa asibiti ke da wuya, akan sayi kafso biyu ko uku a kemis, da an ji sauƙi a daina. Raunanan ƙwayoyi sun mutu, masu lafewa sun tsira. Saboda haka mu sha magani yadda ma'aikacin lafiya ya tsara, mu cika kwanakinsa, kada mu raba wa maƙwabci, kada kuma mu sha don mura.