Sa Hannun da Saki Ba Ya Warwarewa

Mai zama a Amurka da ke son ɗauko matarsa ko mahaifiyarsa, cikin abubuwan da hukumar shige da fice za ta duba akwai takardun harajinsa. Tun bayan dokar 1996, dole ya cike fom ɗin I-864, inda zai yi alƙawarin cewa baƙon ba zai zama nauyi a wuyan gwamnati ba. Sharaɗin shi ne samunsa na shekara ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci da gwamnatin tarayya ke fitarwa. A 2024, gida mai mutum biyu dala 25,550 ake nema, mai mutum huɗu kuwa dala 39,000, kuma har da wanda za a ɗauko ake ƙirgawa.

Nan masu aikin kansu suke tuntuɓe. Direban tasi a Bronx yana iya samun kuɗi sosai, amma da ya cire kuɗin mai da gyaran mota da inshora don haraji ya yi sauƙi, abin da ya rage a takarda ba ya kai ko'ina. Wannan ragowar ce jami'i yake gani.

Sai a koma ga dangi. Ɗan'uwan da kuke gida ɗaya yana iya cike I-864A, a haɗa samunku wuri guda. Wanda ke wani gari kuwa, ko aboki ne ma, zai iya tsaya maka, muddin ɗan ƙasa ne ko yana da girin kati, ya kai shekara 18, kuma a Amurka yake zaune. Sai dai shi kaɗai zai cika adadin, da iyalinsa da baƙon duka. Ba a yin karo-karo, kawu ya kawo rabi, yaya ya kawo rabi. Kadara ma tana cike giɓi, amma sai darajarta ta ninka giɓin sau biyar, ko sau uku in matar ɗan ƙasa ce.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake roƙon wannan taimako a waya: «Sa hannu kawai za ka yi, Kawu.» Ai yarjejeniya ce da kotu ke tilastawa. In baƙon ya karɓi wasu nau'o'in tallafin gwamnati, irin na abinci, ana iya bin kawun ya biya. Baƙon da kansa yana da damar kai shi ƙara ya nemi ciyarwa. Nauyin yana sauka ne in baƙon ya zama ɗan ƙasa, ko ya yi aikin kimanin shekara 10 yana biyan haraji, ko ya bar ƙasar dindindin, ko ya rasu. Mutuwar aure ba ta cikin jerin. Miji ya saki matar, ya ƙara aure, amma shi da kawun nan suna ɗauke da ita a idon doka.