Me Ya Ƙona Tumatirin?

A wuraren noman rani irin su Kadawa da Kura a jihar Kano, yakan faru manoma biyu su sayi kashin kaji a gidan gona ɗaya, tumatirin wannan ya yi kore shar, na wancan kuwa bakin ganyensa ya bushe cikin 'yan kwanaki. Ina gizo ke saƙar?

Cuta ake fara zargi. To amma cuta ba ta zaɓen layi, ga shi kuwa inda aka zuba taki ne kawai yabanya ta lalace. Sai a ce ƙishirwa ce, alhali ƙasa a jiƙe take. Idan aka tumɓuke shuka ɗaya, za a ga saiwarta ta ƙone. A shinshina ƙasar gindinta kuma, zarni zai bugi hanci. Nan bakin zaren yake.

Kaza ba ta yin fitsari dabam. Farin nan da ke jikin kashinta shi ne fitsarin, cike da sinadarin naitirojin. Da ya samu laima sai ƙwayoyin halitta su mayar da shi amoniya, mai zarnin nan, wadda ke ƙona saiwa. Ga kuma gishirin da ke cikin kashin, yana hana shuka shan ruwa. Ashe ɗanyen kashi ne mai laifin.

Maƙwabcin da ya tsira fa? Shi bai kai kashin gona kai tsaye ba. Ya gauraya shi da ɓuntun shinkafa da saran karan masara masu yawan kabon, domin ƙwayoyin da ke ruɓar da taki suna son kabon kashi 25 zuwa 30 a kan kashi 1 na naitirojin. Ya jiƙa tarin yadda in an matse a hannu zai dunƙule ba tare da tsiyayar ruwa ba. Cikin tarin ya ɗauki zafi, digiri 55 zuwa 65, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Yana juyawa don iska ta shiga, har bayan wata biyu zuwa uku tarin ya huce, ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasa.

Daga wannan ruɓaɓɓen takin ake yin mai ƙwaya-ƙwaya. A niƙa, a tankaɗe, a zuba a wani babban faranti mai karkata da inji ke juyawa, ana yayyafa ruwa, garin na dunƙulewa kamar dambu. Sai a busar, a tace ƙwayoyi masu girman milimita 2 zuwa 5. Iska ba ta kwashe su, ga sauƙin ɗauka da zubawa.

Sai dai inji siffa kawai yake bayarwa, ba ya ruɓar da komai. Don haka, manomi, kafin ka biya kuɗi, buɗe buhun ka tura hannu. In ka ji ɗumi ko zarni, takin bai nuna ba, kada ya kusanci gindin shukarka.