Na'urar Da Ke Yi Wa Wanda Ya Maƙale A Tsauni Kururuwa

JALINGO: Duk wanda ya bar Jalingo ya kama hanyar Bali, ya wuce Serti, ya fara hawan gangaren Mayo Selbe mai kwana-kwana zuwa Mambila, zai ga alamar sabis a wayarsa tana zuwa tana ɓacewa. In ya sauka daga kan kwalta ya nausa daji da ƙafa kuwa, wayar nan ta zama agogo da tocila kawai. Wannan magana ta shafi 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal, domin a 'yan shekarun nan samari da 'yan mata, har da 'ya'yan Arewa da aka haifa a Agege ko Sabon Badun, sun ɗauki al'adar haɗa ayari su tafi hawan duwatsu lokacin hutu. Babban burinsu shi ne Chappal Waddi, wanda ake kuma ce wa Gangirwal, a bakin iyakar Nijeriya da Kamaru. Tsawonsa mita 2,419 ne, watau ƙafa 7,900 da ɗoriya, kuma babu tsaunin da ya kai shi a ƙasar nan.

Tsaunin yana cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda Gwamnatin Tarayya ta mayar gandun ƙasa a 1991, shekarar da aka yanke Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola. Faɗin gandun ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa, shi ne mafi girma a Nijeriya. Akwai ɓauna da dorina da birai iri-iri a cikinsa, ga koguna irin su Kam da Gashaka waɗanda kan cika su batse da damina cikin sa'o'i kaɗan. Masu hawan tsaunin sukan bi ta Nguroje, su hau babur zuwa ƙauyukan ƙarshe, daga nan sai tafiyar ƙasa ta kwanaki, da ja-gora da 'yan dako. Abin da kan kayar da matafiyi a nan ba lalle ya zama babba ba: santsin dutse ya jawo karaya, ko saran maciji, ko zazzaɓi ya tashi da dare, ko hazo ya sauko ya rufe hanya har mutum bai ganin na gabansa. Wanda ya saba da zafin Ikko kuma sanyin saman tsaunin kaɗai ya isa ya galabaitar da shi in tufafinsa suka jiƙe.

Domin a gane yadda irin wannan ƙasa ke haɗiye abu, sai a tuna da jirgin saman nan ƙirar Beechcraft 1900D na kamfanin Wings Aviation. Ya tashi daga Ikko ran 15 ga Maris, 2008, da mutum uku, zai sauka a filin Bebi kusa da Obudu, sai aka neme shi aka rasa. Aka yi ta nema ta sama da ta ƙasa. Ba a ga tarkacensa ba sai ƙarshen watan Agusta, kuma mafarauta ne suka yi kiciɓis da shi a duwatsun Obanliku ta Jihar Kuros Riba. Jirgi ke nan sukutum, wata biyar da rabi. To, ina ga mutum guda da ya faɗa kwazazzabo?

Saboda haka ne da yawa daga masu hawan duwatsu a ƙasashen waje sukan fita da wata 'yar na'ura da ake kira PLB a taƙaice. Girmanta bai wuce na wayar hannu ba, tana da eriya da ake warewa da maɓalli guda a rufe. Ba a magana da ita, ba a aika saƙon gaisuwa. Aikinta ɗaya ne, kururuwa. In aka danna maɓallin, sai ta riƙa cilla sigina a kan zango 406 wajen kowane daƙiƙa 50, taurarin ɗan'adam su cafe, su sauko da shi tashar ƙasa, daga can a miƙa wa cibiyar ceto ta ƙasar da mutumin yake. Cikin siginar akwai lambar na'urar, kuma irin na yanzu masu GPS sukan faɗi inda mutum yake, kuskuren bai wuce kamar mita 100 ba. Waɗanda ba su da GPS, taurarin kan ƙiyasta wurin da kuskuren da zai iya kai kilomita 5, abin da a cikin kurmin Gashaka ba ƙaramin fili ba ne. Har ila yau tana fitar da wata siginar mai rauni a kan zango 121.5, wadda masu nema kan bi in sun matso kusa. Ƙa'ida ita ce batirinta ya jure aƙalla sa'a 24 yana wannan kira, kuma yakan yi shekara biyar ko fiye a ajiye bai lalace ba.

Tsarin da ke sauraron wannan kururuwa sunansa Cospas-Sarsat, kuma tarihinsa yana da ban sha'awa. A 1979, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, Amurka da Kanada da Faransa da Tarayyar Sobiyet suka amince su haɗa kai a kan wannan abu guda. A watan Satumba na 1982 wani ƙaramin jirgi ya faɗi a duwatsun yammacin Kanada da mutum uku. Tauraron Rasha ne, wanda aka harba watanni kaɗan kafin nan, ya ji kukan na'urar jirgin, aka je aka ɗauko su da ransu. Tun daga ranar an ceci mutane fiye da 50,000 ta wannan hanya, mafi yawansu a teku. Ƙasashe fiye da 40 ke cikin tsarin, hedkwatarsa tana Montreal, kuma ba a biyan kuɗin wata ko na shekara. Nijeriya tana ciki. Cibiyar da ke karɓar siginar tana Abuja a hannun Hukumar Ba Da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, watau NEMA, wadda aka kafa a 1999.

Amma fa akwai abin lura ga mai niyyar saye. Kuɗinta yakan kai ɗaruruwan dalolin Amurka, wanda a canjin Naira ba abin wasa ba ne, ko da yake ayari guda na iya yin karo-karo su sayi ɗaya su riƙa karɓa-karɓa. Mai neman araha ya yi hattara da kayan gwanjo. Tun ran 1 ga Fabrairu, 2009, taurarin suka daina sauraron tsofaffin na'urori masu aiki da zango 121.5 kaɗai, saboda yawan kiran ƙarya da rashin sanin mai kiran. Wanda ya sayi irin wannan daga tarkacen jiragen ruwa ya ɗauki dutse ne a jaka. Na biyu, kowace na'ura da lambar ƙasa ake tsara ta. In ɗan'uwa ya sayo maka daga Ingila, lambar Ingila ce a cikinta, kuma can za a fara neman sanin ko wane ne mai ita. Ya kamata a sa dillali ya tsara ta da lambar Nijeriya, a kuma tuntuɓi NEMA kan rajista, a ba da suna da lambar wayar wani na gida da za a kira ya tabbatar cewa lalle mutumin yana daji. Na'urar da ba ta da rajista, jami'in da ya ga siginarta bai san ko ɗan Adam ne ke mutuwa ko yaro ne ke wasa da maɓalli ba, kuma wannan kokwanto yana cin lokaci. Takardar rajistar tana da wani amfanin a hanya: tun da sojoji suka hana amfani da wayar Thuraya a Borno a 2013, duk abin da ke da eriya da sunan tauraron ɗan'adam yana iya jawo doguwar tambaya a shingen bincike a Arewa maso Gabas.

Akwai wasu na'urorin, kamar inReach na kamfanin Garmin, waɗanda ke aika rubutaccen saƙo su karɓi amsa. Waɗannan ba a ƙarƙashin Cospas-Sarsat suke ba, kuɗin wata ake biya, kuma in biyan ya yanke, sun yi shiru. Fa'idarsu ita ce mutum na iya faɗin abin da ya same shi, ya kuma aika kai tsaye ga wanda ya sani a Serti ko Gembu. A ƙasa irin tamu wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Dalili kuwa shi ne, na'ura kira kawai take yi, ba ta ɗaukar mara lafiya. A Siwizalan ko Niyu Zilan, sigina na fita jirgi mai saukar ungulu zai tashi. A nan, saƙon zai sauka Abuja, daga Abuja a nemi hukumar agajin jiha a Jalingo ko hukumar gandun daji ko sojoji, sannan a nemi wanda zai je. Ko an sami jirgin, gajimaren da ke kwanciya a kan Mambila da damina yana iya hana shi sauka kwana da kwanaki. Waɗanda za su isa wurin da gaske su ne ma'aikatan gandun, da makiyayan da ke zaune a saman tsaunuka, da 'yan acaɓan da suka san kowace 'yar hanya. Tun 2017 wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors take aiki tare da Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa wajen horar da ma'aikatan sintiri a Gashaka-Gumti, kuma su ne mafi kusa da duk wanda ya shiga uku a ciki. Saboda haka wanda ya tsallake ofishin gandun da ke Serti don gudun biyan kuɗin shiga da na ja-gora, ya yanke igiyar da za a jawo shi da ita, ko da na'ura goma ya rataya. A gaya musu hanyar da za a bi, da yawan mutane, da ranar dawowa. A kuma bar wannan bayani a hannun wani a gida.

Wajen amfani da ita ma akwai ƙa'ida. Tana bukatar sarari, don haka in mutum yana cikin kwari ko ƙarƙashin kurmi mai duhu, sai wani mai lafiya ya fitar da ita fili, eriya a tsaye, a bar ta a kunne har masu ceto su iso. A jikin mutum ake ɗaure ta, ba a cikin kayan da ɗan dako ya yi gaba da su ba. Ba a danna ta don gajiya ko ƙarewar abinci, sai in rai ko gaɓa na cikin haɗari. Ba maganin masu garkuwa da mutane ba ce kuma, domin tana walƙiya da fitila, kowa na gani.

Ba masu yawon buɗe ido kaɗai wannan ya shafa ba. Dillalan shanu da ke tashi daga mayankar Oko-Oba ta Agege su bi rugage a Mambila, da masu haƙar shuɗin dutsen nan mai daraja a kewayen Nguroje, da ɗaliban da ke bincike a dajin Ngel Nyaki, duk suna kwana a inda waya ba ta kamawa, kuma yawancinsu suna da ƙungiyoyi masu asusu da za su iya sayen na'ura guda a ajiye wa mai tafiya. Lokacin da aka fi hawan Chappal Waddi shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da koguna suka ja baya, hanyar babur ta bushe.