Baƙin Kaka a Funtuwa: Wa Zai Karantar da Shugaban Ayari?

Da zarar kaka ta kama, Funtuwa kan cika da baƙi. Ga masu zuwa ci-rani daga Maraɗi da Damagaram, ga kuma 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu a Faskari da Sabuwa da Ɗandume. Su ke karyar masara, su ke cirar auduga har Malumfashi, su ke dakon buhuna a kasuwa sai duhu ya raba. Tun da jirgin ƙasa ya iso garin a ƙarshen shekarun 1920, gumin baƙo bai taɓa yanke wa wannan ƙasa ba.

Galibi kowane ayari yana da shugaba. Shi ke yin jinga da mai gona, shi ke karɓar kuɗi ya raba, shi ke sulhu in rai ya ɓaci, wani lokaci ma shi ke jan salla a bakin gona. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci matafiya, ko su uku ne, su shugabantar da ɗayansu. To, naɗin mun gani. Karatun fa? Sau da yawa wannan bawan Allah a ka yake riƙe lissafin kwanakin mutum goma. In aka yi gardama ranar biya, maganar mai gona ce ke tsayawa, don shi ke da littafi. Alhali malamanmu na fiƙihu sun shar'anta cewa a ijara dole aikin ya zama sananne, ladan ma sananne, tun kafin a ɗaga lauje.

Ba baƙon abu muke nema ba. Bayan yaƙin Badar, an fanshi wasu fursunoni da koya wa yaran Madina rubutu. A nan gida, Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Kumasi na Katsina ya yi wa hidima, magidanta ya zaunar a kan tabarma.

Makarantunmu na dare, Allah Ya saka wa masu su, an tsara su ne don mazaunin gari mai shekara a aji. Ɗan ci-rani kuwa wata uku ko huɗu gare shi. Abin da ya dace da shi darasi ne gajere bayan isha'i, a masallacin da ke kusa da masaukinsa: tsarki da salla, hukuncin jinga da bashi, da rubuta suna da adadi, ko da boko ko da ajami. A fara da shugabannin ayari, domin kafin ruwan shuka ya sauka sun koma garuruwansu, kowa da mutanensa a baya.